Mazubi da Ma'auni: Tarihin Sana'ar Taya da Wili na Tsofaffin Akori-kura a Amurka

Tsohuwar motar akori-kura, irin wadda kamfanonin Ford da Chevrolet da Dodge suka ƙera wa manoma da magina da ƙananan 'yan kasuwar Amurka tsakanin shekarun 1920 da na 1970, tana iya shafe shekara hamsin a ajiye a rumfar gona ba tare da injinta ya yi lalacewar da za ta gagari bakanike ba, amma ba za ta hau titi ba sai an samo mata abubuwa biyu da suka fi kowane sashe nata saurin ɓacewa daga kasuwa, wato taya da wili. Wili shi ne ƙafar ƙarfen da ake ɗaura taya a kanta sannan a ɗaure ta a jikin mota da noti, kuma ko da yake a ido duk kamarsu ɗaya, kowane zamani ya zo da nasa ma'aunin, ya kuma watsar da na zamanin da ya gabace shi. Sana'ar nemo waɗannan kaya, wadda ta faro daga filin 'yan gwangwan ta kai ga masana'antu masu sake ƙera abin da aka daina yi, ta samu ne daga wannan sauye-sauyen ma'auni, da kuma kasancewar akori-kura motar aiki ce da babu wanda ya yi tunanin adana kayanta lokacin da suke birjik.

A 1925 ne Ford ya fara sayar da akori-kura da aka haɗa gaba ɗaya a masana'anta, a kan ƙirar Model T, a kan farashin dala 281. Ƙafafunta na katako ne, da sanduna da suka fita daga cibiya zuwa da'ira kamar na keken doki, tayoyinta kuwa sirara ne masu shan iska da yawa, waɗanda ake kiran girmansu da lambobi irin su 30 x 3½, inda lambar farko take nufin tsawon taya baki ɗaya a ma'aunin inci, ta biyun kuma kaurinta. Wannan tsari bai daɗe ba, domin tun 1923 kamfanin taya na Firestone ya fito da taya mai faɗi wadda take ɗaukar kaya da iskar da ba ta wuce rabin ta dā ba, kuma da zuwanta aka sauya yadda ake rubuta girma, aka koma ambaton faɗin taya da girman wilin da za ta hau, kamar 4.40-21. Daga nan sai wili ya yi ta ƙanƙancewa kusan kowace shekara: Model A ta 1928 ta zo da na waya mai inci 21, a 1930 aka koma 19, a 1932 aka koma 18, a 1933 aka koma 17, a 1935 kuma 16. Cikin shekara bakwai kamfani ɗaya ya yi amfani da girma biyar, kuma kowane ɗaya daga cikinsu yana bukatar tayar da ba ta hawa sauran.

Abin da ya fi girman wili ɗaure kai shi ne jerin ramukan noti, wanda ake auna shi da lambobi biyu: yawan ramukan, da faɗin da'irar da suke zaune a kanta. Ford ya zaɓi ramuka 5 a kan da'irar inci 5½ tun zamanin Model A, ya bar tsarin daga 1936 zuwa 1939 inda ya watsa ramukan a kan da'ira mai faɗin inci 10¼, sannan ya dawo masa a 1940, ya riƙe shi a kan F-1 ta 1948 da F-100 ta 1953 da mafi yawan ƙananan akori-kurarsa har 1996. Chevrolet ya tsaya a kan ramuka 6 a da'irar inci 5½ har 1970, kafin ya mayar da motocin da ba sa ja da ƙafa huɗu zuwa ramuka 5 a da'irar inci 5, a shekarar da ya sa musu birki mai faifai a gaba. Wannan tsari mai ramuka 6, wanda a ma'aunin mita yake daidai da milimita 139.7, shi ne kuma a kan yawancin Toyota Hilux masu ja da ƙafa huɗu, sai dai dacewar ramuka ba ta isa a ce wili ya dace ba, tun da babban ramin tsakiya wanda yake zama a kan cibiya ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Dodge ya ƙara nasa salon, domin shekaru da yawa notin ƙafafun hagu na motocinsa baibai ake kwance su, bisa tunanin cewa juyawar ƙafa za ta riƙa ƙara ɗaure su, kuma kanikawan da ba su san haka ba sun karya ƙusoshi masu yawa suna ɗaurewa alhali suna zaton kwancewa suke yi.

Yaƙin Duniya na Biyu ya share babban kaso na tsofaffin kaya tun kafin kowa ya ɗauke su abin tarihi. Da Japan ta mamaye Malaya da tsibiran da suke Indunisiya a yau, inda mafi yawan danƙon roba na duniya yake fitowa, taya ta zama kaya na farko da gwamnatin Amurka ta ƙayyade sayensa a Janairun 1942, aka hana mai mota riƙe fiye da taya biyar, aka rage gudu zuwa mil 35 a awa, aka kuma yi gangamin tattara tsofaffin tayoyi da ƙarafa domin masana'antun yaƙi. Motocin shekarun 1920 da suke ajiye a bayan gidaje, tare da ƙafafunsu, sun shiga tukunyar narka ƙarfe da yawan gaske. Bayan yaƙin an sami ɗan lokaci na daidaito, inda taya mai lamba 6.00-16 ko 6.50-16, mai tiyub a ciki, a kan siririn wili da faɗinsa bai wuce inci 4½ ba, ta zama abin da kusan kowace ƙaramar akori-kura take hawa, ciki har da F-1 da Chevrolet 3100, waɗanda suke cikin motocin da masu tara motoci suka fi nema a yau.

Sauye-sauye biyu ne suka kawo ƙarshen wannan daidaito. Na farko taya marar tiyub, wadda BFGoodrich ya sanar da ita a 1947, kuma zuwa 1955 ta zama abin da ake sa wa yawancin sababbin motocin hawa. Irin wannan taya tana riƙe iska ne ta hanyar manne bakinta da bakin wili, don haka tana bukatar wilin da ba ya yoyo, alhali da yawa daga cikin tsofaffin an haɗa tsakiyarsu da da'irarsu ne da ƙusoshin da ake daddake kansu, waɗanda iska take iya sulalewa ta gefensu idan sun tsufa. Na biyu, wanda ya fi girgiza masana'antar, shi ne taya radiyal. A tsohuwar taya ana shimfiɗa zaren auduga ko na nailan a karkace, shimfiɗa a kan shimfiɗa suna gicciye juna, abin da yake sa gefen taya da tafinta su zama jiki ɗaya mai tauri. A radiyal kuwa zaren yana tafiya kai tsaye daga baki zuwa baki, sannan a ɗaura ɗamarar wayar ƙarfe a ƙarƙashin tafin, ta yadda gefe yake lanƙwasa tafi kuma yana nan a shimfiɗe a kan kwalta. Michelin na Faransa ya yi rajistar wannan fasaha a 1946, amma kamfanonin Amurka sun yi ta jan ƙafa shekara ashirin da ɗoriya, saboda karɓarta na nufin sauya injunan masana'anta gaba ɗaya domin yin tayar da za ta ninka tsohuwar daɗewa, wato kashe kuɗi domin rage ciniki. Shagunan Sears sun fara sayar da radiyal ɗin Michelin a 1966, tsadar mai ta 1973 ta sa jama'a neman tayar da ba ta shan mai, kuma gaggawar da Firestone ya yi ta kai shi ga janye miliyoyin tayoyinsa samfurin 500 a 1978.

Birnin Akron na jihar Ohio, mazaunin Goodyear da Firestone da BFGoodrich da General, zuwa 1982 ya daina yin tayar motocin hawa, kuma kafin shekara goma ta cika Continental na Jamus ya saye General, Bridgestone na Japan ya saye Firestone a 1988, Michelin kuma ya saye Uniroyal Goodrich. Ga mai tsohuwar akori-kura, ma'anar wannan rugujewa ita ce mazuban da ake gasa tayarsa a cikinsu, wato manyan kwanonin ƙarfe masu ɗauke da zanen tafi da rubutun gefe, sun zama kayan gwangwan a idon masu su. Hatta lambobin da ya sani sun ɓace daga kanti, domin a ƙarshen shekarun 1960 an koma tsarin harafi da lamba irin su G78-15, bayan shekara goma kuma aka koma tsarin milimita irin su 235/75R15 wanda ake amfani da shi har yanzu.

Matsalar ta fi tsanani ga manyan akori-kura masu ɗaukar kaya fiye da rabin tan. Tayarsu tana da tauri ƙwarai ta yadda ba a iya lanƙwasa bakinta a tsallaka da shi bakin wili, saboda haka aka ƙera musu wili mai rabuwa gida biyu ko uku, wanda ake zura taya da tiyub a kansa sannan a kulle da zoben ƙarfe, matsin iskar da aka bayar kuma shi ne yake riƙe zoben a gurbinsa. Muddin ƙarfen yana da tsabta kuma zoben ya zauna daidai, tsarin yana aiki, kuma har yau ana amfani da nau'o'insa a manyan motoci a ƙasashe da yawa. Amma akwai wani samfuri na Firestone mai suna RH-5°, wanda aka sa wa motoci masu yawa daga ƙarshen shekarun 1940 zuwa farkon na 1970, wanda rabinsa biyu suke haɗuwa a kusa da tsakiyar da'ira ta hanyar ɗan siririn leɓe, a wurin da taya take rufewa, ta yadda mai faci ba ya iya tabbatarwa da idonsa cewa sun kama juna. Idan tsatsa ta ci leɓen, ko ya ɗan lanƙwashe, rabin wilin yana iya tashi da ƙarfin da zai kashe wanda ya sunkuya a kansa, kuma wannan ne ya jawo masa laƙabin mai mayar da mata zawarawa a bakin masu faci. A 1980 hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka, OSHA, ta kafa ƙa'idar da ta wajabta horar da masu wannan aiki da kuma ba da iska a cikin kejin ƙarfe, kuma a yau yawancin shagunan taya ba sa karɓar irin wannan wili ko da nawa za a biya.

Maganin da masana'antar ta kawo shi ma ya bar nasa tarkon. Daga tsakiyar shekarun 1950 aka fara yin wili guda ɗaya marar tiyub ga manyan motoci, aka kuma bambanta shi da ƙarin rabin inci a lamba, irin su 17.5 da 19.5, daga baya kuma 16.5, wanda ya yawaita a kan akori-kura daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa na 1980. Mazaunin bakin taya a irin wannan wili yana da gangara ta digiri 15, saɓanin digiri 5 na wili mai inci 16, amma tun da bakunansu na waje sun yi kusan daidai, taya mai inci 16 tana iya shiga wili mai inci 16.5 ba tare da wata gardama ba. Abin da ba ta iya yi shi ne zama a gurbi, kuma mai facin da ya ci gaba da ƙara iska yana jiran ta zauna yakan tsinke wayar bakinta, ta fashe a gabansa. Shari'o'in da suka biyo bayan irin wannan haɗari suna cikin dalilan da suka sa aka yi watsi da girman, wanda a yanzu kamfanoni ƙalilan ne suke yi masa taya.

Kasuwar farko ta waɗannan kaya ita ce filin 'yan gwangwan, kuma littafin da ya mayar da ita sana'a mai tsari ya fito ne a 1934, lokacin da Roy Hollander na Minneapolis ya fara wallafa kundin da yake nuna wane sashe na wace mota ne yake hawa wata, kundin da har yanzu lambobinsa ne ake kiran wili da su a tsakanin dillalai. A 1935 aka kafa ƙungiyar masu tsofaffin motoci ta AACA a Philadelphia, a 1954 Ernest Hemmings ya fara buga 'yar takardar talla mai shafi huɗu a Quincy ta jihar Illinois wadda ta zama mujallar Hemmings Motor News, daga 1955 kuma kasuwar shekara-shekara ta garin Hershey a Pennsylvania, wadda take ci a watan Oktoba, ta zama matattarar dubban masu baje tsofaffin kaya. Sai dai a farkon lamarin hankalin waɗannan mutane yana kan motocin alfarma ne, akori-kura kuwa ba ta shiga lissafi ba sai daga baya, bayan dokar ƙawata manyan hanyoyi ta 1965 ta matsa wa filayen gwangwan na bakin titi, injunan daddatsa mota kuma sun sa narkar da ita ya fi ajiye ta riba. Wilin da ya tsira ma sau da yawa ya gama rayuwarsa a ƙarƙashin tirelar gona, ramukansa sun buɗe, cikinsa ya rarake da tsatsa.

Taya ba ta jure ajiya kamar ƙarfe, kuma a nan ne kasuwar gwanjo ta gaza. Roba tana bushewa tana tsattsagewa ko da ba a taɓa ɗora ta a mota ba, shi ya sa kamfanonin mota da yawa suke ba da shawarar sauya taya bayan shekara 6, masu yin tayar kuma suke sa iyaka a shekara 10, kuma lambobi huɗu na ƙarshe a hatimin da ake kira DOT da ke gefen taya tun shekarar 2000 suna nuna mako da shekarar da aka yi ta. Tayar 1950 da aka samu sabuwa fil a naɗe cikin takarda ba ta da amfani sai na kallo. Dole sai an ci gaba da gasa sababbi, kuma wanda ya fi kowa gina kasuwanci a kan wannan shi ne gidan Coker na jihar Tennessee. Harold Coker, wanda shi kansa mai tara tsofaffin motoci ne, ya buɗe shagon taya a 1958, a 1974 kuma ya damƙa wa ɗansa Corky ƙaramin sashen tsofaffin tayoyi na kamfanin a Chattanooga. Dabarar ɗan ita ce bin sawun mazuban da manyan kamfanoni suka tura rassansu na Kudancin Amurka da wasu ƙasashe, inda aka ci gaba da yin taya mai saƙar gicciye bayan an daina a gida, ya saye su, ya kuma karɓi izinin amfani da sunayen Firestone da BFGoodrich da U.S. Royal, inda mazubi ya ɓace kuwa a sassaƙa sabo daga zanen asali. Gasa tayar kanta yawanci ana ba da kwangilarsa ne ga ƙananan masana'antun da ba su taɓa barin tsohuwar fasahar ba, irin su Specialty Tires of America a Pennsylvania.

Wili ma ya bi wannan hanya, inda kamfanoni irin su Wheel Vintiques suke buga tsakiya mai kamar ta asali, har da maƙalan marfin ado, su yi mata walda a cikin sabuwar da'ira marar tiyub mai ɗan tudu a ciki wanda yake hana bakin taya zamewa idan iska ta ragu. Mai saye yana zaɓar faɗi, yana kuma zaɓar zurfin baya, wato tazarar da ke tsakanin fuskar da take manne da cibiya da bakin wili na ciki, ma'aunin da yake yanke hukuncin ko taya za ta gogi bodi ko ƙarfen sitiyari. Ƙafafun katako na Model T kuwa har yanzu maƙeran keken doki ne suke gyara su, wasunsu daga al'ummar Amish ta Ohio da Pennsylvania, waɗanda sana'ar ba ta taɓa mutuwa a hannunsu ba saboda su kansu da keken doki suke zirga-zirga.

Saɓanin da ya raba masu wannan sha'awa gida biyu shi ne na asali da aminci. Alƙalan gasar nuna motoci suna rage maki idan suka ga radiyal a kan motar da ba ta fito da ita ba, kuma gaskiya ne cewa doguwar siririyar taya tana daga cikin abin da yake ba motar 1950 siffarta. Amma taya mai saƙar gicciye tana bin kowane tsagi na kwalta tana jan mota, ba ta kuma kama jiƙaƙƙen titi sosai. Radiyal tana gyara wannan, sai dai tana sa sitiyarin da ba shi da na'urar taimako ya yi nauyi wajen juyawa a tsaye, tana lanƙwasa tsohon wili fiye da yadda aka ƙera shi ya jure har marfin ado ya riƙa faɗuwa, kuma idan tsawonta bai kai na asali ba agogon gudu yakan ƙara lissafi, injin kuma ya yi ta kuka a babbar hanya. Coker ya nemi sasanta ɓangarorin da radiyal mai faffaɗan farin gefe a tsakiyar shekarun 1990, sannan a 2013 da radiyal da aka ba siffar tsohuwar taya. Hujjar masu asali tana da ƙarfi ga motar da ake kai wa filin gasa a kan tirela, amma tana raunana ga wadda za ta shiga cikin motocin zamani da birkinta na dā.

Ana iya ganin wani ɓangare na wannan tarihi a Nijeriya, inda akori-kurar Peugeot 404 da 504 da aka harhaɗa a cikin ƙasa ba su gama zama motocin aiki ba, inda kuma rufe masana'antar Michelin ta Fatakwal a 2007 da daina yin taya da Dunlop ya yi a Ikeja a 2008 suka bar kasuwa a hannun kayan waje, sababbi da na gwanjo. Mai irin wannan mota da ya shiga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna abin da zai hau yake nema, ba abin da ya yi kama da na asali ba, wanda shi ne matsayin da manomin Amurka yake a kai a shekarun 1960.

Sana'ar a Amurka tana tsaye ne a kan masana'antu 'yan kaɗan, kuma rufe Denman na Ohio a 2010, wanda ya daɗe yana gasa tayoyin da manyan kamfanoni suka bari, ya tilasta wa dillalai neman sabon wurin kai mazubansu. Girman da ake yawan nema, irin su 6.00-16, ba ya yankewa a kasuwa, amma wanda masu nemansa ba su da yawa ana gasa shi ne jefi-jefi, idan oda ta taru, kuma mai mota yana iya jiran watanni. Masu manyan akori-kura da suke son rabuwa da wili mai rabuwa gida biyu su ne suka fi shan wahala, domin kasuwarsu ba ta kai girman da za a buga musu sabo da araha ba, shi ya sa har yanzu suke bin filayen gwangwan na ƙauyuka suna neman wili mai inci 19.5 daga tsofaffin motocin rarraba burodi da motocin kwana na shekarun 1960 da 1970, ko kuma su yanke tsakiyar nasu su kai wa maƙeri ya yi mata walda a cikin sabuwar da'ira.